Shekarar da na sauke babanku daga mota

Kun girma kuna jin ana cewa ni ce na sauke babanku daga mota. Wasu sun gaya muku ƙauyanci ne ya sa ni, wai 'yar ruga ba ta iya zama da mijin da ya samu hutu ba. Wasu kuma suka ce dangina ne suka yi masa asiri don su samu mai ja musu ruwan shanu. Ban taɓa tanka wa kowa ba, domin babanku yana raye, kuma maganar ta shafi mutuncinsa. Yanzu Allah ya karɓi abinsa, ni ma idona ya fara gajiya da takarda, shi ya sa na ce bari in rubuta muku tun ina iyawa. Gaskiya ne, ni na sauke shi. Dalilin ne ba a gaya muku ba.

A lokacin Zamfara tana cikin jihar Sakkwato, muna zaune a Gummi, gida ɗaya da Inna, mahaifiyar babanku. Ku biyu ne kawai, ɗan farina yana tafiya, Aminu yana goye. Babanku yana tuƙa babbar motar Alhaji Garba, wani attajirin shinkafa. Yakan ɗauki shinkafa da busasshen kifi zuwa kasuwar Anka, wani lokaci har Gusau, mutane kuma su hau bisa kaya, maza da mata da awakinsu. Sa'ad da aka ɗaura mana aure siriri ne, ɗan masunta, mai ƙetare gulbi da iyo ranar da ya cika ya batse. Dogo ake kiransa a tasha. Shekara takwas a kujerar mota ta mai da shi wani mutum daban. Ba ya taka ƙasa sai daga ƙofar gida zuwa mota, daga mota zuwa rumfar mai tuwo, kuma duk tashar da ya tsaya akwai tsire da shayi mai madara suna jiransa. Tumbi ya fito, wuya ya cika har maɓallin riga ya daina kamawa. Mata a gidan biki sukan ce mini na iya kiwon miji. Inna kuwa takan bi shi da kallo in zai fita, ta ce ɗanta ya huta.

Ni kaɗai na san abin da ke faruwa idan ya kwanta. Minshari ba baƙon abu ba ne, nasa ma har maƙwabta sun saba, suna yi mana ba'a da shi. Abin da ba sa ji shi ne shirun da ke tsakani. Yana cikin minshari sai ya tsaya cak, kamar an toshe bakin tulu. Ƙirjinsa na ɗagawa, cikinsa na motsi, amma ba iskar da ke shiga. Nakan fara karanta Fatiha a zuci in kai ƙarshe, wani lokaci in sake farawa, bai ja numfashi ba. Sai can ya zabura, ya yi wani irin gurnani kamar wanda aka tsamo daga ruwa, ya ci gaba da minsharinsa. Haka har asuba, ba sau goma ba, ba sau ashirin ba. Da safe ya tashi da ciwon kai, baki a bushe, rai a ɓace, ya ce shi bai yi barci ba, alhali a gabana ya kwana. Da rana kuma barci ke satarsa ko'ina: da loma a hannu, a zaure ana tsakiyar hira, a masallaci ranar Juma'a har sai na kusa da shi ya taɓa shi. Da na gaya wa Inna ta ce dannau ne, ta sa aka yi rubutu aka wanke masa, aka kawo turare. Ya sha, mun turara ɗaki, ba abin da ya canza. Da na gaya masa shi kansa, dariya ya yi.

"In da na bar numfashi, Kulu, ai da gawa kig gani. Bar gadin kwanana, ki yi naki."

Bayan girbi ƙanwata ta haihu a Gwashi, garinmu, ya ce in shiga gaba ya sauke ni a mararrabar Bukkuyum tunda Anka ya nufa. Ranar ce kaɗai na taɓa zama kusa da shi yana tuƙi. Hantsi ne, mota cike, mutum ya fi talatin a kan buhuna, ina jin hirarsu da dariyarsu ta bayan kaina. Aminu na kan cinyata. Hanya ta miƙe, inji na ƙugi iri ɗaya ba canji. Na juya in yi masa magana, sai na ga idonsa a rufe. Ba ƙiftawa ba ce. A rufe yake, haɓarsa ta sauka kan ƙirji, hannuwansa na kan sitiyari kamar ajiye su aka yi. Na ɗaga kai na ga gefen hanya na matsowa, ga wata ƙatuwar kuka a gabanmu. Ban san sa'ad da na ɗirka masa duka a kafaɗa ina salati ba. Ya farka, ya murɗa sitiyari, ya taka birki, mota ta yi tangal-tangal ta faɗa wata gonar dawa da aka girbe, ta tsaya a karkace. Buhuna suka zube. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta faɗo ta karye a hannu. Ba wanda ya mutu.

Kafin mutane su gama salati ya riga ya sauko yana nuna daji.

"Wata saniya tag gitta min! Ba ku gan ta ba?"

Nan take aka samu mutum uku da suka ce sun gan ta, har da mai cewa fara ce. Aka yi ta sa masa albarka, wai ba don gwanintarsa ba da an yi asarar rayuka. Da aka turo motar kan hanya muka koma ciki, bai dube ni ba. Ya tada inji, ya ce da ni ƙasa-ƙasa:

"Ba ki ga komi ba."

Mako uku na yi da wannan magana a cikina. Duk ranar da zai fita, tun yana alwala gabana ke faɗuwa. In na ɗora tukunya sai in manta ko na sa gishiri. In yaro ya shigo gida a guje sai in ce labarin ya iso. La'asar na yi nake komawa bayan ƙyauren zaure in kasa kunne, sai na ji ham ɗin motarsa daga bakin kasuwa sannan in koma aikina. Na roƙe shi ya gaya wa Alhaji da bakinsa, ko ya nemi hutu na wata ɗaya. Ya ce yana cin goro, yana wanke fuska a kowace tasha, ya isa. Na sake roƙonsa, sai ya tashi tsaye.

"Mi kike so in yi? In zauna gida mu ci mi? Duk randa kika buɗe baki da maganar ga, kin tona min asiri cikin garin ubana."

Ina sonsa, kuma na san gaskiya ya faɗa. Direban da aka ce yana barci a kan sitiyari ba mai sake ba shi ko keke. Amma hannun tsohuwar nan ya ƙi barin idona, yadda ya lanƙwashe ta inda ba gaɓa, da yadda take ta yi wa babanku godiya ana ɗaure mata shi da kara. Wata ranar Laraba na ce wa Inna zan je duba uwargidan Alhaji da ba ta da lafiya. Na je na gaishe ta, sannan na roƙe ta ta yi mini iso wurin maigidanta. Na durƙusa daga bakin ƙofa, na faɗa masa duk abin da na gani. Yana jan carbi ya tambaye ni:

"Kin san abin da maganar ga za ta ja miki?"

"Na sani, Alhaji."

"To mi ya kawo ki?"

"Mutum talatin ke hawa bayanshi, Alhaji. Ko wane da masu jiranshi gida."

Ya ce ba zai faɗi wanda ya gaya masa ba. Na ce ko bai faɗa ba zai sani, ni kaɗai ce a gaba ranar.

Washegari babanku ya dawo gida kafin azahar, a ƙasa. Alhaji ya karɓi makulli, ya ce ya tafi babban asibiti a Sakkwato, shi zai ɗauki nauyi, ranar da likita ya ce lafiyarsa lau ya dawo ya karɓi motarsa. Ina tsakar gida ina daka ya wuce ni kamar turmi ya wuce. Inna ce ta yi magana, ta yi ta kuwa yadda har gida na uku sun ji.

"Ɗiyar ruga, munka ɗauko ki daga cikin kashin shanu, munka sa ki inuwa, shi na sakayyarmu? Kin kwance wa mijinki zane a kasuwa, kin huta?"

Bai sake ni ba, ko da yake ta so. Abin da ya yi ya fi saki ciwo. Ya daina cin abincina, sai na Inna. Ya kwashe shimfiɗarsa ya koma zaure. Da yana kusa da ni, in shirun ya yi tsawo nakan zungure shi ya juya. Yanzu ga katanga tsakaninmu, ba na jin komai, sai in kwana ina ƙirga abin da ba na ji.

Ya tafi Sakkwato shi kaɗai, ya kwana biyu ya dawo. Ya tsaya a ƙofar ɗakina, idonsa na kan danga.

"Likita ya ce in zo da mai jin kwanana. Ki shirya."

A motar haya muka tafi, shi da ya saba zama gaba, aka cusa shi baya tsakanin buhun albasa da wani mai kaji. Likitan saurayi ne, Hausarsa ta gabas ce. Ya sa na zauna a kujera, ya ɗauki alƙalami, ya ce in faɗa masa komai. Shi ne mutum na farko da na gaya wa bai yi dariya ba. Ya tambaye ni tsawon shirun, na ce ban san agogo ba, Fatiha nake karantawa. Ya ce in karanta yadda na saba. Na karanta, yana duban agogon hannunsa, ya rubuta, ya daɗe yana kallon abin da ya rubuta. Sannan ya ciro robar nan da suke sawa a kunne su saurari ƙirji, ya matse ta da yatsa biyu a gaban babanku.

"Malam, haka maƙogwaronka yake yi. In ka yi barci namansa ya saki, kitsen wuya ya danne shi, hanyar iska ta rufe. Jikinka ya ji zai halaka, ya tashe ka ba ka sani ba, ka ja numfashi, ka koma. Haka dare ke ƙarewa. Shi ya sa rana ke biyan bashin dare. Zuciyarka ma tana wahala, jininka ya hau."

Babanku ya ce a ba shi allura ko ƙwaya, ko nawa ce. Likita ya ce babu. Akwai aikin da ake yi wa wanda abin ya tsananta, a huda maƙogwaro daga waje a sa bututu, mutum ya riƙa numfashi ta nan in zai kwanta. Na ga hannun babanku ya tafi wuyansa da kansa. Likita ya ce kafin a kai nan akwai abin gwadawa, amma ba shi da sauƙi. Tafiya a ƙasa kullum, da sauri, har gumi ya karyo, har ya ji ba ya iya doguwar magana. Ya fara da kaɗan, ya riƙa ƙarawa mako-mako. Ya haɗa da aikin ƙarfi na hannu da kafaɗa. Ya rage tuwon dare da mai da sukari, ya daina kwanciya rigingine. In ya ji ƙirji ya ɗaure ko jiri, ya tsaya nan take.

"Ban yi maka alkawarin zai tafi duka ba. Ina sa ran zai ragu."

"Mota fa?"

"Ba yanzu ba."

Da muka dawo Gummi ya gwada, ba zan ci amanarsa ba. Bayan sallar asuba ya fita ya nufi hanyar fadama. Amma a garinmu babban mutum ba ya tafiya sai da dalili. Mai keke ya tsaya ya ce, Dogo, hau in kai ka. Mai babur ya tsaya. Masu zaman bakin masallaci suka tambaye shi ina zuwa, ya ce ba ko'ina, suka dubi juna. Cikin kwana uku magana ta zaga tasha cewa rashin mota ya taɓa masa kai, ana ganinsa yana yawo a bayan gari yana haki shi kaɗai. Rana ta biyar bai fita ba. Ya koma kwanciyar zaure, Inna na aika masa da tuwo da man shanu don ta rarrashe shi. Ina gani, ba ni da bakin magana.

Wata rana da azahar na kai masa ruwan alwala, don wannan kaɗai bai hana ni ba. Na same shi rigingine, baki buɗe, leɓunansa sun yi baƙi kamar wanda ya sha ruwan baban rini. Na kira shi, na girgiza shi, shiru. Na kwara masa ruwan butar duka a fuska. Ya yunƙura yana shaƙar iska da ƙara, ya kama hannuna ya riƙe gam, yana dubana bai gane ni ba. Ɗan farina na tsaye a bakin ƙofa yana kuka. Da hankalinsa ya dawo ya saki hannuna, amma na ga tsoro a idonsa, irin wanda ni na daɗe ina kwana da shi.

A makon nan yayana, Hamma Buba, ya kawo sa kasuwar Gummi ya biyo ya gaishe mu. Makiyayi ne, a Gwashi yake da rugarsa, ba mai yawan magana ba. Na ja shi gefe na gaya masa komai. Ya shiga zaure ya zauna da babanku, ina jinsu ta bayan ƙyaure.

"Zo ka yi rani wurinmu, Dogo. Can ba mai tambayar mutum ina za shi. Kowa tahiya yake."

Muka tafi da ku duka. Inna ta shige ɗaki ta rufe, ba ta amsa sallamarmu ba.

Ranar farko Hamma Buba bai kai shi ko'ina ba sai rijiya, wadda 'yan matanmu ke zuwa sau uku kafin hantsi. Sau uku babanku ya zauna a hanya. Ya dawo riga jiƙe, fuska ta yi jawur, yana jin kunyar matan ruga da ke leƙensa. Washegari ya ce shi shanu zai bi, a gama abin a huta. Hamma ya hana shi, ya ce ko san da za a koya wa huɗa ba a ɗora masa garma ran farko, sai ya bi rijiya mako guda tukuna. Haka aka yi. Mako na biyu ya bi maruƙa zuwa fadamar kusa. Na uku ya bi garke har hantsi ya dawo. Da yamma kuma Hamma ya tsayar da shi a bakin rijiya ya ba shi igiya, guga biyar, daga baya goma, daga baya ashirin, yana zubawa a kwami shanu na sha. Tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe. Cinyoyinsa suka saɓule saboda gogayya, ƙafafu suka tsage. Nakan dafa ruwa in gasa masa, in shafa man shanu, ya miƙo ƙafar bai ce mini komai ba. A ruga ba ɗakin Inna, dole ya koma cin abincina: fura da nono da rana, da dare tuwo ɗan kaɗan, ina auna masa da ludayi yana hararata. Kwanciyar rigingine ce ta gagare mu, don da ya yi barci yake birkicewa. Sai na ɗauki ƙwallon goruba na ɗinke a bayan wata tsohuwar rigarsa, daidai tsakanin kafaɗu. Duk sa'ad da ya juya ta soke shi ya koma gefe. Ya zagi gorubar nan, ya zagi wanda ya shuka ta, amma bai cire rigar ba.

Duk wannan ban samu natsuwa ba. Maganar likita a kan zuciya tana raina. Kowace safiya in ya ɗauki sanda ya bi bayan shanu, nakan tsaya har ƙeyarsa ta ɓace, ina ce wa kaina, in mutumin nan ya faɗi a daji ni ce sila, ni na raba shi da mota, ni na kawo shi nan.

A mako na shida zafi ya shigo, rijiyarmu ta ja baya, aka fara kai shanu mashaya mai nisa wajen gulbi. Ya nace sai ya je. Rana ta faɗi, shanu suka shigo, Hamma na bayansu shi kaɗai. Ya ce ai tun azahar Dogo ya ce zai juyo gida, ya ɗauka ya iso. Ban san sa'ad da ƙwaryar hannuna ta faɗi ba. Hamma ya kama jaki ya koma. Na tsaya a bakin shinge ina jin muryar Inna a kunnena, ina shirya abin da zan gaya mata in an kai mata gawa. Ban yi sallar magariba a kan lokaci ba ranar, Allah ya yafe mini. Ana kiran isha'i daga cikin gari, sai suka ɓullo, yana bisa jaki, ƙafafu na jan ƙasa. Jiri ne ya kama shi a hanya, jijiyar ƙafa kuma ta ɗaure, ya tuna maganar likita ya zauna gindin wata tsamiya, ya kasa tashi.

Na gasa masa ƙafar ina kuka. Na ce ya yafe mini, mu koma Gummi, ko mu je a yi aikin wuyan, ko ma me yake so, ni na gaji da tsoro. Ya bar ni na gama. Sannan ya kira sunana, rabon da in ji shi a bakinsa tun ranar da aka karɓi makulli.

"Kulu. Yau tun azahar nike zaune gindin itace, ni ɗai, iska na kaɗawa, ba mai yi min magana. Har rana taf faɗi ban yi gyangyaɗi ba. Kin san rabona da in zauna haka ido biyu?"

Na ci gaba da gasa masa ƙafar, sai ya ƙara da cewa:

"Babu saniya ranar nan."

"Na sani, Malam."

"Na san kin sani. So nike ki ji daga bakina."

Ya huta kwana biyu, Hamma ya mai da shi fadamar kusa, aka sake hawa a hankali, da gorar ruwa a kafaɗa. Kafin ruwan farko ya sauka na yanke tazugen wandonsa sau biyu. Wuyansa ya fito, ciwon kan safe ya tafi, ya fara wasa da ku da yamma maimakon ya zube. Shirun tsakanin minshari bai tafi ba. Ya ragu, ya gajarta, wani daren sai in yi barci in manta da shi. Muka koma wurin likita, ya auna shi, ya sake yi mini tambayoyinsa, ya ce maganar huda wuya an ajiye ta. Mota kuwa ya ce shi ba zai sa hannu ba tukuna, mutum mai ɗaukar rayuka a doguwar hanya sai an tabbata. Na zaci babanku zai yi faɗa. Ya ce to. Da Alhaji ya aiko daga baya yana tambaya, ya aika masa da godiya, ya ce ya riga ya kama gona.

Fadamar ubansa ya koma, yana noman shinkafa, kullum a ƙasa yake zuwa a ƙasa yake dawowa, da fartanya a kafaɗa ba mai tambayarsa ina zuwa. Shekarar da ya gurɗe a ƙafa ya zauna wata uku, jiki ya dawo, abin ma ya dawo, sai da ya sake farawa daga tushe. Daga nan ya gane ba magani ba ne da ake sha a gama. Ya nemi tsohuwar nan mai daddawa har gidanta a Anka ya gaya mata gaskiya, ta ce ta yafe, amma hannun bai ƙara miƙewa daidai ba. Gidan bulo da ya sayi fili zai gina ba a gina ba, a ɗakin laka kuka girma, kun sani. Abokansa na tasha sun yi motocin kansu, wasu sun je Makka sau biyu, shi sau ɗaya ma sai da kuka kai shi. Inna kuwa har ta koma ga Allah ba ta ƙara cin abin da na dafa ba. Na yi jinyarta wata bakwai, sai in dafa in ba maƙwabciya ta kai mata a matsayin nata. Wannan ya yi mini ciwo, har yau yana yi.

Saura magana ɗaya, kuma taka ce, Aminu. Da sallar da ta wuce matarka ta same ni a ɗaki bayan kowa ya fita. Ta zauna tana murza bakin mayafi. Ta ce in ka kwanta numfashinka na tsayawa, ta ce rannan a kan hanyar Gusau kana tuƙi sai da ta taɓa ka ka farka. Ta roƙe ni kada in gaya maka ita ta faɗa. Na ce mata ko ban faɗa ba za ka sani. Na ga wuyanka, na ga yadda kake hawa mota don zuwa masallacin da ke bayan gidanka. An ce yanzu akwai na'urar da ake sawa a hanci, ba sai an huda kowa ba, amma ƙafa dai taka ce, ba wanda zai taka maka ita. Kada ka ɗaga wa yarinyar nan murya, kada ka ƙaurace mata ko na kwana ɗaya. Ka ɗauke ta ku je asibiti tare, don ita ta san abin da za ta gaya wa likita, kai ba ka sani ba. Kuma ka bar makullin motarka a gida, ku shiga ta haya.